Na sha bitamin D wata biyu amma gwajina bai tashi sosai ba, wai rashin magniziyam ne?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin lafiya a taimaka min da haske. Tun bayan azumi nake fama da ciwon ƙashi, musamman ƙugu da ƙwauri, ga kasala kamar an zare min laka. In na tsuguna wanke-wanke sai na dafa bango nake iya miƙewa. An yi maganin maleriya, an yi na taifot, shiru. Daga baya wata likita ta tura ni gwajin bitamin D, ya fito 11. Ta ce ya yi ƙasa ƙwarai, ta rubuta min kafson bitamin D mai IU 50,000 (IU shi ne ma'aunin da ake ƙirga bitamin D da shi), ɗaya duk sati har sati takwas. Ban tsallake ko ɗaya ba. Na koma aka sake gwaji, wai 17. Jiya ƙanwata ta turo min bidiyon wani bature yana cewa duk wanda ya sha bitamin D ba tare da magniziyam ba asarar kuɗi ya yi, kuma dole a haɗa da bitamin K2, in ba haka ba kalsiyam zai toshe jijiyoyin zuciya. Gaskiya ne? In sayo in haɗa ko in bari?

Maman_Twins:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Na zauna nan ina jiran masana, don ni ma irin ciwon nan nake ji.

Baba_Ɗanjuma:
Ikon Allah. A Kano, inda rana ke neman fasa kan mutum, a ce wai an rasa bitamin ɗin rana? 'Yata, ki fita tsakar gida ki sha hantsi, ki bar waɗannan ƙwayoyin.

Ummu_Hanan:
Baba, bene muke zaune, ba mu da tsakar gida. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai ofis, in dawo bayan la'asar. Amma teburina yana jikin taga, rana tana dukana sosai ta gilashi.

Bash_Famasi:
Hajiya Ummu Hanan, bari in fara da tagar nan: ranar da ta ratso gilashi zafi kawai take ba ki. Ɓangaren hasken da fata ke haɗa bitamin D da shi, wanda ake kira UVB, gilashi yana tare shi.

Maganar magniziyam kuwa tana da tushe, ba ƙirƙirarta aka yi ba. Bitamin D ɗin da kika haɗiya, ko wanda fata ta haɗa, tamkar tsabar dawa ne, ba a tuƙa tuwo da shi a haka. Sai ya je hanta an yi masa juyin farko, wato surfe ke nan, kuma wannan nau'in ne ake aunawa a jini, shi ne 11 da 17 ɗinki. Daga nan ƙoda ta yi masa juyi na biyu, shi ne niƙan, sannan ya zama abin da zai umarci hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Sinadaran da ke yin juyin nan a hanta da ƙoda duka suna buƙatar magniziyam. Inji ne da ba ya tashi in babu mai.

Amma inda baturen ya zarce gona da iri shi ne cewa kowa sai ya sayi ƙwayar. Wanda abincinsa ke ba shi isasshe, ƙarin ba zai ƙara masa komai ba sai yawan zuwa banɗaki. Kafin mu ɗora wa magniziyam laifi, ki gaya mana: da me kike shan kafson, wane nau'in bitamin D ne a jikin kwalin, D2 ko D3, kuma akwai wani magani da kike sha kullum?

Ummu_Hanan:
D2 na gani a rubuce. Duk Juma'a da safe nake sha da ruwan shayi, ba madara, don ba na iya karyawa sai na je ofis. Magani kuwa sai na olsa, omeprazole, ya kai shekara uku ina shansa. Ni nake saya da kaina in ya ƙare.

Bash_Famasi:
To ashe ruwa ba ya tsami banza. Bitamin D a cikin maiƙo yake narkewa, ba a ruwa ba. Ki sha shi a tsakiyar abincin da ya fi nauyi, mai miya da mai, ko ƙwai, ko da gyaɗa ce. D3 kuma ya fi D2 ɗaga jini da daɗewa a jiki, ki tambayi likitarki ko za ta canza miki. Sai babban: omeprazole da 'yan'uwansa in aka daɗe a kansu suna rage tsotsar magniziyam a hanji. Hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka tun 2011, galibi ga waɗanda suka wuce shekara suna sha. Ke kam tambayarki tana kan hanya. Sai dai kar ki yanke maganin lokaci guda, ƙwannafin zai dawo da ƙarfi. Ki koma a duba dalilin olsar tukuna.

Hajja_Organic:
Anti Ummu ki yi min magana ta inbos. Ina da haɗin D3 10,000 da K2 da magniziyam a kwalba ɗaya, daga waje, kullum ɗaya. Kwastomomina duk sun warke, har masu ciwon gwiwa da masu neman haihuwa.

Admin_Sadiya:
Hajja, mun sha faɗa ba a talla a nan. Wannan ne na ƙarshe.

Abu_Sumayya:
A bar tallar ma, 10,000 kullum ba tare da gwaji ba? Iyakar da aka sa wa babba lafiyayye ba tare da kulawar likita ba 4,000 ce a rana. Bari in ba ku labarin gwaggona. An rubuta mata mai 50,000 sati-sati, yaron kemis ya zana mata layi ɗaya a jikin leda kamar yadda ake yi wa maganin kullum. Baiwar Allah ta yi ta sha kowace safiya, ya ƙare ta aika a ƙaro, ga kuma ƙwayar kalsiyam da 'yarta ta kawo mata daga Umara. Bayan 'yan watanni sai ƙishirwa, kofin silba ba ya barin hannunta, fitsari dare da rana, bayan gida ya ɗaure, amai, har ta fara kiran jikokinta da sunan 'yan'uwanta da suka rasu. Mu duk mun tafi a kan suga ne ko kuma iska. A asibiti aka ga kalsiyam ne ya cika jini har ya taɓa ƙoda. Ta yi kwanaki ana ƙarin ruwa. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Wannan bitamin ba irin bitamin C ba ne da ke fita a fitsari, taruwa yake a kitse.

Maman_Twins:
Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya. Masu kemis a ji tsoron Allah.

Zee_Bradford:
Ummu Hanan, 11 ɗin nan da wane ma'auni? Na tambaya ne don lokacin da na zo Ingila nawa ya fito 28, na turawa yayata a gida ta ce ai lafiya lau ne. Ashe nan da nmol/L suke aunawa, gida kuma galibi ng/mL. Ana ninka na gida sau biyu da rabi a samu na nan. Wato 28 ɗina kusan 11 ɗinki ne. A nan shawarar hukuma ita ce kowa ya sha 400 a rana daga Oktoba zuwa Maris, mu masu duhun fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara. Rana a nan lokacin sanyi ado ce kawai.

Ummu_Hanan:
Na duba takardar, ng/mL ne.

Dakta_Hauwa:
To 11 ƙaranci ne na gaske, ƙasa da 12 ba a gardama a kansa. Daga 20 zuwa sama yawancin hukumomi suna ɗaukarsa ya wadatar da ƙashi, wasu likitocin kuma sun fi son 30. Saboda haka 17 ba faɗuwa ba ce, tafiya ce da ba a ƙarasa ba. Ana yawan maimaita zagaye na biyu, musamman ga mai jiki, don kitse yana riƙe bitamin ɗin ya hana shi yawo a jini.

Kan magniziyam, binciken da masu bidiyo ke yawan jingina da shi an yi shi ne a jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka buga a 2018, mutum 180. Abin da ba sa faɗa shi ne sakamakon fuska biyu gare shi: waɗanda bitamin D ɗinsu bai yi sama ba, magniziyam ya ɗaga shi, waɗanda nasu ke sama kuma ya ɗan sauko da shi. Ƙaramin bincike ne, kuma bai ce kowa ya je kemis ba. Abin da muka tabbatar a gadon asibiti shi ne, in magniziyam ya yi ƙasa sosai, kalsiyam ɗin mara lafiya ba ya gyaruwa ko an ɗura masa, sai an fara gyara magniziyam ɗin, saboda 'yan ƙananan ƙullutun da ke bayan maƙogwaro masu kula da kalsiyam su ma sun dogara da shi. Irin wannan muna ganinsa ga mai doguwar gudawa, mai shan giya, mai sugan da bai saitu ba, mai shan maganin fitsari irin Lasix, da masu omeprazole na shekaru.

Ɗan_Sakkwato:
Ku dai kuna wahal da kanku. Mu nan hura da nono muka sani, kakana har ya rasu da ƙafa yake zuwa gona.

Dakta_Hauwa:
Malam Ɗan Sakkwato, da wasa ka faɗi gaskiya. Gero yana da magniziyam, nono yana da kalsiyam, tafiya gona kuma ga rana. Kakanka ya haɗa ukun ba tare da ya san sunansu ba. Mu ne muka koma farar shinkafa da burodi da taliya. Magniziyam ɗin hatsi a dusa yake, in aka surfe tas aka ba akuya, ita ta ci riba. Mace tana buƙatar miligram 310 zuwa 320 a rana, namiji 400 zuwa 420. Wake, gyaɗa, riɗi, agushi, 'ya'yan kabewa, zogale, alayyahu, duk suna kasuwar Rimi, ba sai an yi oda daga waje ba.

Sista_Jos:
Ina ta karantawa, kowa magniziyam magniziyam, an manta da kalsiyam, alhali a ƙasarmu nan gizo ke saƙar. A nan Jos aka yi binciken da ya canza yadda duniya ke kallon ciwon lanƙwashewar ƙafar yara, masu gwame da masu ƙafar baka. Da, an ɗauka duk rashin bitamin D ne. Wani likita mai suna Thacher da abokan aikinsa suka ɗauki yara 123 masu ciwon a asibitin koyarwa na Jos, aka buga sakamakon a 1999. Aka raba su uku na sati 24: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Masu bitamin D kaɗai kashi 19 cikin ɗari ne suka kai mizanin warkewa. Masu kalsiyam kashi 61, masu haɗin kashi 58. Yaran nan suna wasa a rana yini guda, abin da suka rasa kalsiyam ne, abincinsu kusan miligram 200 kawai yake ba su a rana, kunu da tuwon masara, ba madara. Daga baya ma har garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa aka gwada, ya yi aiki.

Abin da nake nufi, bitamin D ɗan aike ne, aikinsa ya ɗauko kalsiyam daga hanji. In an aike shi kasuwa ya tarar ba kaya, me zai kawo? Ummu Hanan, kina shan nono ko madara? Kina cin ƙananan kifin nan da ake taunewa da ƙaya?

Ummu_Hanan:
Sista, gaskiya nono yana kumbura min ciki, na daɗe da bari. Kifi sai jefi-jefi.

Sista_Jos:
Gwada kindirmo ko yogot kaɗan-kaɗan, wanda ya yi tsami ya fi sauƙi a ciki fiye da madara. Miyar kuka ma ba ta da laifi wajen kalsiyam, a daka mata busasshen kifi.

Maman_Twins:
Sista ɗana ɗan shekara biyu ƙafarsa ta ɗan buɗe, surukata ta ce goyo ne, zai miƙe da kansa.

Sista_Jos:
Wasu yaran suna miƙewa, amma in kin ga wuyan hannunsa ya kumbura, ko yana ƙin tafiya, ko buɗewar tana ƙaruwa, ki kai shi a ɗauki hoto. Kar ki jira.

Baba_Ɗanjuma:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, hantsi magani ne. Iyayenmu da hantsi suke shanya jarirai.

Bash_Famasi:
Baba, ranka ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa maka. Ranar sassafe tana da daɗi amma UVB ɗinta kaɗan ne. Dabarar ita ce mutum ya dubi inuwarsa: in ta fi shi tsawo, fata ba ta haɗa abin kirki. Sai hantsi ya dubi ludayi, inuwa ta gajarta, zuwa bayan azahar. Kuma fuska da tafin hannu kaɗai ba su isa ba, sai damtse da ƙwauri sun samu. Baƙar fata ta fi farar fata buƙatar lokaci. Jariri sabon haihuwa kuwa ba a gasa shi a rana, ɗigon 400 a rana ake ba mai shan nono zalla, don nonon uwa bai da bitamin D da yawa.

Ibn_Yusuf:
Ina fata ba so ake a ce mata su yar da hijabi saboda bitamin ba. Irin maganganun nan daga nan suke farawa.

Zee_Bradford:
Haba Malam, wa ya ce haka? Da niƙabi nake fita. Mace ta zauna a tsakar gidanta ko bayan ɗaki inda ba mai ganinta, wacce ba ta da wurin kuma ta sha ƙwaya. Gidajenmu na da masu tsakar gida sun warware wannan tun tuni, ginin zamani ne ya rufe ko'ina da kwano da interlok.

Ibn_Yusuf:
To madalla. Sai tambaya ta biyu, na ji an ce D3 daga dabba ake yinsa. Ya halatta?

Bash_Famasi:
Yawancinsa daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, bayan an yi musu aski, ba yanka ba. Inda ake duba shi ne ɓawon kafson mai laushi, galibi jelatin ne, wani na saniya, wani na kifi, wani na alade. A karanta kwali. Akwai ƙwaya busasshiya da na ɗigo da ba su da jelatin, akwai kuma D3 na tsiro. Hukuncin kuma na malamai ne, ni a famasi na tsaya.

Nana_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni tambayata, Mismag ɗin nan na olsa ba magniziyam ba ne? Tunda Ummu Hanan tana da olsa, ta koma shansa mana, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Bash_Famasi:
Hajiya Nana, akwai magniziyam a ciki, amma an yi shi ne don kashe tsamin ciki, jiki ba ya tsotsar na kirki daga gare shi. Haka ƙwayar magniziyam mai suna oxide, shi ne mafi araha kuma ya fi saurin sakin ciki. Citrate ya fi shiga jiki, glycinate kuma mutane da yawa sun fi jure shi. Iyakar na ƙwaya ga babba miligram 350 ne a rana in ba likita ya ce a wuce ba, na abinci kuwa ba a ƙidaya shi. Mai ciwon ƙoda kada ya kusance shi da kansa, don ƙoda ce ke fitar da rarar, in ta gaza sai ya taru ya sauke hawan jini fiye da kima, numfashi da bugun zuciya su yi rauni. Kuma ba a haɗa shi lokaci ɗaya da cipro ko doxycycline ko maganin maƙoƙo, yana kama su a hanji ya hana su aiki. A ba da tazarar awanni.

Sista_Jos:
Mu da muke ɗakin haihuwa mun san ƙarfinsa. Allurar da muke yi wa mai jijjiga magniziyam ce, kuma muna yi muna ƙirga numfashinta muna buga gwiwa muna auna fitsari. Ba alewa ba ce.

Ummu_Hanan:
To K2 fa? Shi ne ya fi tsorata ni, maganar toshe jijiya.

Dakta_Hauwa:
A ka'ida bitamin K yana kunna wasu sinadarai da ke ɗaure kalsiyam a ƙashi da wanda ke hana shi kwanciya a bangon jijiya. Daga nan masu sayarwa suka ɗauka suka yi gini. Amma ƙa'idojin maganin ƙarancin bitamin D da muke aiki da su ba su sharɗanta K2 ba, kuma adadin da aka rubuta miki na sati takwas ba shi ke toshe jijiya ba. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne mai shan warfarin, maganin tsinka jini, don bitamin K kishiyarsa ne kai tsaye. Irinsu ko ganye ba a so su riƙa canza yawan cinsa barkatai.

Abu_Sumayya:
Dakta, ni abin da ke ɗaure min kai, tun zamanin korona kowa ya mayar da bitamin D maganin komai.

Dakta_Hauwa:
An gwada ai. Wani babban bincike a Amurka mai suna VITAL ya bi mutum sama da 25,000 kimanin shekara biyar, rabi suna shan 2,000 kullum. Bai rage kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba, bai rage karaya ba. Sai dai yawancinsu da ma ba su da ƙaranci. A Ostareliya kuma an ba tsofaffin mata 500,000 sau ɗaya a shekara, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna faɗuwa da karaya ƙaruwa suka yi. Mai 11 irin Ummu Hanan daban, mai 35 da ke sha don ya ga bidiyo daban.

Hajja_Organic:
Likitoci dai ba sa son a warke ne.

Admin_Sadiya:
An cire ta.

Ɗan_Sakkwato:
Admin ba wasa. Ni dai a ci gaba da dama hura.

Malama_Rabi:
Na zo a makare. Ƙanina mai farfaɗiya shi ma an ce nasa ya yi ƙasa, alhali a rana yake yini, gyaran babur yake yi. Wannan kuma fa?

Bash_Famasi:
Malama, magungunan farfaɗiya irin phenobarbital da phenytoin da carbamazepine suna sa hanta ta yi saurin rusa bitamin D. Rifampicin na tarin tibi ma haka. Kar ya kuskura ya bar maganinsa, likitansa ne zai daidaita masa adadin bitamin ɗin.

Ummu_Hanan:
Salam, na dawo da rahoto. Na koma wurin likitar yau, na gaya mata zancen omeprazole, har ta yi min faɗa don ban faɗa tun farko ba. Ta canza min zuwa D3, wani sati takwas, ta ce in sha da abincin rana. Magniziyam kuwa ba ta rubuta ba, ta ce sai an auna shi da kalsiyam da aikin ƙoda, da kuma gwajin ƙwayar cutar olsa. Na sayo gyaɗa da riɗi na ajiye a durowar ofis, abokan aikina sun cinye rabi kafin azahar.

Dakta_Hauwa:
Ta kyauta. Abu ɗaya ki riƙe: magniziyam ɗin da ke yawo a jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ke jiki ba, fiye da rabi yana cikin ƙashi. Gwajin zai iya fitowa daidai alhali rumbun ya yi ƙasa, don haka ki gaya mata in jijiyar ƙafarki tana ɗaurewa da dare ko fatar idonki tana rawa.

Ummu_Hanan:
Dakta, idon nan kuwa ya fi wata yana rawa, na hagu. Na ɗauka baƙo zan yi.

Baba_Ɗanjuma:
Na hagu ai ba baƙo ba ne, 'yata. Ki dai nemi gida mai tsakar gida.

Maman_Twins:
Sista Jos, na duba wuyan hannun yaron, kamar ya ɗan yi kauri. Ɓangaren yara zan kai shi ko na ƙashi?